Bayan Cokulan Gidan Thrall

Mutanen da wannan labari ya shafa biyar ne, zan kuwa ambace su tun farko domin kada mai karatu ya ruɗe. Ta farko ita ce Uwargida Lavinia Thrall, wadda ta riga ta rasu kafin maganar ta taso. Na biyu jikanta ne, Prescott Thrall, wanda ya gaji gidan. Ta uku Halina Sobotka, mutuniyar Polan, wadda ta yi wa wannan gida aiki shekara talatin da wani abu. Na huɗu Irving Zelnik, mai shagon tsofaffin kaya a bakin gada, wanda nake zaune a ƙarƙashinsa a lokacin. Na biyar ni ne, Ovila Desrosiers, tsohon mai goge azurfa.

Garinmu, a jihar Connecticut ta Amurka, garin azurfa ne. Tun ƙuruciyata nake gaban injin guga a masana'anta, har ranar da aka rufe ta aka sayar da injunan. Daga nan Irving ya ajiye mini kujera a ƙuryar shagonsa, aikina in juya cokali in dubi bayansa. Gaban cokali na mai shi ne, nan ake zana harafin gidansu. Bayan kuwa na wanda ya ƙera shi ne, nan yake buga tambarinsa a wuyan mariƙi, kuma daga siffar tambarin ake gane wanda ya yi da zamanin da ya yi. A garinmu har waɗanda ba su taɓa shiga masana'anta ba sun ɗauki wannan ɗabi'a. In aka gayyaci mutum cin abinci, da zarar matar gida ta kau da kai, sai ya juya cokalinta.

Wata safiya a ƙarshen hunturun 1983, ƙanƙara ta fara narkewa titi duk taɓo, Halina ta shigo rungume da wani akwatin katako da ta naɗe cikin mayafin tebur. Doguwar mace ce, ta haura sittin, hannuwanta jajur kamar na duk wanda ya daɗe cikin ruwan zafi.

Irving ya ce, "Barka da zuwa, Malama. In sayarwa kika zo yi, kin makara, farashi ya faɗi. In kuwa miji kike nema, ga Bafaranshen nan. Tsoho ne, amma haƙoransa biyu na gaba nasa ne."

Na ce, "Kada ki kula shi, baiwar Allah. Tun da likita ya hana shi taba bakinsa ya rasa abin yi."

Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye akwatin a kan kantar shagon, ta ce, "An ce ni ɓarauniya ce. An kuma ce ku kuna karanta bayan cokali. To, ku karanta mini."

Ga abin da ya faru, kamar yadda ta faɗa mana a tsaye, domin ta ƙi zama. Duk garin an san cokulan gidan Thrall. Ana cewa kakan kakansu, mai jirgin ruwa, shi ya kawo tsabar azurfa daga tafiya jim kaɗan bayan yaƙin neman 'yancin kan Amurka, ya ba wani maƙerin garin ya narkar ya ƙera musu. Da Uwargida Lavinia ta rasu, Prescott ya kawo mai kimanta kaya daga birnin Hartford. Mutumin ya ɗaga cokali ɗaya, ya lanƙwasa shi kaɗan a tsakanin yatsunsa, ya ce wannan ba azurfa ba ce, farin ƙarfe ne da aka shafa wa ruwan azurfa. Ya duba sauran, duk haka. To, 'yan shekaru kafin nan an yi wani lokaci da farashin azurfa ya yi tashin hauka, mutane suka riƙa yin layi a ƙofar shaguna suna sayar da cokulan iyayensu ana narkarwa. Kuma Halina kaɗai ke riƙe da makullin kabad ɗin. Prescott ya haɗa wannan da wancan, ya yanke cewa a lokacin ta sayar da na gaske, ta sayo na gwanjo ta zuba.

Marigayiyar ta bar wasiyya cewa Halina ta ci gaba da zama a ɗakuna biyu da ke saman gareji har ƙarshen ranta. Yanzu lauyan Prescott ya kawo takarda: ko ta sa hannu ta yafe ɗakunan ta fita ba hayaniya, ko a kai maganar ga 'yan sanda. Ba ta da miji, ba ta da ɗa, ba ta da wani gida a ƙasar nan.

Ta ce, "Prescott da kansa ya turo mini akwatin da ƙafa. Wai in ɗauka, ai nawa ne, ni na sayo. Yaron da nake sa wa safa in an kawo shi hutu. Inna Halina yake ce mini. Jiya ya ce mini Malama Sobotka."

Irving ya daina wasa. Ya ce, "Ovila, ɗauko gilashinka."

Cokulan shayi ne da na miya, marasa ado, irin siffar da aka yi ta yi fiye da shekara ɗari ba a sake ba, saboda haka siffar ba ta nuna zamani. Kowanne da harafin T a gabansa, ya ɗan dushe. Mai kimantawar bai yi ƙarya ba: nauyinsu da taurinsu ba na azurfa ba ne. Amma abin tambaya shi ne yaushe suka shiga gidan. In tambarin ya nuna an yi su kafin Halina ta sauka daga jirgi, rabin maganar ya mutu. In kuma akwai sunan shagon da ya sayar, ta mutu gaba ɗaya, domin gidan Thrall ba su san wani shago ba sai na Fenn, wanda yake buga sunansa a kan kayan da aka yi odarsu kawai, kuma ya rufe tun a shekarun matsin tattalin arziki, kafin yaƙin duniya na biyu.

Na juya na farko. Babu komai. Na juya na biyu, na uku, har na ƙarshe. Wuyan kowanne sumul yake, ya ma ɗan lotsa, kamar dutsen bakin ƙofa.

Na yi shekaru da yawa ina goge azurfa, na san yadda cokali yake tsufa. Gefen bakinsa ke fara cinyewa, inda yake gogar kwano, sai gindinsa inda yake taɓa tebur. Wuyan mariƙi ta baya shi ne wuri na ƙarshe da ke cinyewa, shi ya sa maƙera suka zaɓe shi. Waɗannan kuwa gabansu da sauran ruwan azurfa, wuyansu ya ci har ya wuce zurfin tambari.

Na ce, "Malama, yaya kike goge su?"

Ta ce, "Yadda aka koya mini. Gaba da man guga da tsumma mai laushi. Baya kuma da garin dutse a kan toshiyar kwalba. Kowace Alhamis."

Irving ya ce, "Garin dutse? A kan cokali? Wane jahili ya koya miki wannan?"

Ta ɗaga kai ta dube shi. "Ka iya bakinka, mai shago. Uwargida ce da kanta. Ranar da na fara aiki ta zaunar da ni a kicin, ta kama hannuna ta nuna mini. Ta ce a nan dauɗa ke maƙalewa, kuma mutanen garin nan 'yan tsegumi ne, suna juya cokali."

Ni da Irving muka dubi juna.

Na tambaye ta ko a lokacin da ta fara akwai rubutu a wurin. Ta ce akwai wani abu, ƙanana ƙanana, amma a lokacin ba ta iya ko gaisuwa da Turanci ba, balle ta kula da haruffa a bayan cokali. Abin da ta sani, an ce ta goge, ta goge.

Na roƙe ta ta bar mana akwatin. Akwai dabarun da ake tayar da tambarin da ya mutu. Na fara da mafi sauƙi: na hura musu numfashi ina duba ta hasken taga, domin wani lokaci tururin baki yakan kwanta a inda aka taɓa bugawa. Babu. Na kunna kyandir na sa kunkunniya ta kama wuyan, na manna salatif na ɗaga na liƙa a farar takarda. Baƙi ne kawai ya fito. Saura guda ɗaya, ruwan asid. Inda aka buga tambari ƙarfen yakan danne har can ƙasa, asid kuwa ba ya cin dannannen ƙarfe kamar yadda yake cin sauran. Sai dai sau ɗaya ake yi. Abin da ya bayyana na ɗan lokaci ne, in aka ƙara, ya tafi har abada.

Na yi wa cokulan ɗaya bayan ɗaya, Irving yana riƙe da fitila yana numfashi a kunnena.

Na ce, "Maigida, matsa. Albasar da ka ci za ta riga asid ɗin cinye ƙarfen."

Ya ce, "Yi aikinka, tsoho. Hannunka na rawa kamar na limamin da ya sha giyar coci."

A yawancinsu babu abin da ya fito. A wani cokalin miya kaɗai, wanda wataƙila yakan zo a ƙarshe hannunta ya gaji, kusurwar wani ɗan akwati ta bayyana, da tsayuwar harafi ɗaya da ɗan reshe a samansa.

Irving ya ce, "F ne! Fenn ke nan. Ka gani, Fenn!"

Na ce, "Yana iya zama F. Yana iya zama E, ko P, ko R."

"Ka ce F ne mana. Kai ne Ovila Desrosiers, wa zai ƙaryata ka a garin nan?"

"Mutumin Hartford. Shi ma yana da gilashi. In ya kama mu da ƙarya ɗaya, za a ce ita ta saye mu."

Ya zagi mutumin Hartford da ubansa da motarsa, sa'an nan ya zauna a kan wani tsohon akwati.

Da Halina ta dawo, na gaya mata gaskiya, cewa tambarin ya tafi. Sai na yi mata tambayar da ta tsaya mini a wuya. Na ce, "A shekarunki na farko, ana sa waɗannan cokula a tebur in an yi baƙi?"

Ta yi tunani. Ta ce, "A'a. Ina gogewa ina mayarwa cikin kabad. Na ɗauka tsadarsu ce ta sa." Ta ɗan tsaya. "Sai wata Kirsimeti, na daɗe a gidan lokacin, ta zo ta same ni a kicin. Ta ɗauki ɗaya ta kai taga, ta juya shi, ta daɗe tana dubawa. Ta ɗauki wani ta yi haka. Sai ta ce, Halina, yau ki shimfiɗa su."

Ita da kanta ta ji abin da ta faɗa. Na ga lokacin da ya shige ta. Ta nemi kujera ta zauna, karo na farko tun da ta fara zuwa shagon.

Irving ya ce a hankali, "A shekarun matsi gidajen da suka fi na Thrall sun sayar da azurfarsu ta ƙofar baya. Ubana ya sayi da yawa. Ba wanda yake so a sani."

Ta ce, "Da hannuna."



Ta sake cewa, "Da hannuna ta shafe tambarin. Ta zauna tana kallona, tana shan shayi. Tana cewa, ƙara matsawa, Halina, a wuyan nan."

Muka yanke shawara mu je wurin Prescott mu uku. Da rana muka je, muka same shi a ɗakin cin abinci, an tattara labule da hotuna cikin kwalaye domin zai sayar da gidan. A nan na gane cewa gida mai tsohuwa a saman gareji ba ya saurin samun mai saye. Ban ce wannan ne dalilinsa ba, na ce dai na gane. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in, mai ladabi, ya ba mu kujeru, ya ce ko za mu sha kofi.

Na jera cokulan a kan tebur a kife. Na nuna masa gabansu, na nuna masa wuyansu. Na ce wannan lotsawa ba aikin shekara uku ba ce, ba kuma aikin inji ba ce, domin inji yakan bar layuka a jere, wannan kuwa hannu ne, a hankali, shekara da shekaru. Na ce ba a samun cokulan gwanjo masu harafi ɗaya da suka cinye a wuri ɗaya haka. Halina ta faɗa masa maganar garin dutse da maganar Kirsimeti.

Ya ɗauki cokalin miyan nan ya kai taga. Ya daɗe a can, ya ba mu baya. Na lura da kunnuwansa sun yi ja. Na tabbata a raina, har yau kuma ban sauya ba, cewa a wannan lokacin ya gane.

Ya juyo ya ce, "Malam Desrosiers, za ka iya rantsuwa a gaban alƙali a kan shekarar da aka yi su?"

Na ce, "Ba zan iya ba."

"A kan shagon da ya sayar fa?"

"Shi ma ba zan iya ba."

"To, abin da kuka zo da shi ke nan: in yarda kakata ta sayar da gadon gidanmu a ɓoye, ta yi wa mijinta ƙarya, ta yi wa ubana ƙarya, ta zaunar da ni a cinyarta ta ba ni labarin mai jirgin ruwa da cokalin ƙarfe a hannunta. In yarda da wannan a kan maganar mai aiki da wani rami a wuyan cokali."

Irving ya ce, "Haba, ɗan nan. Ka san ba ta ɗauki komai ba. Dubi takalmanta. Mai kuɗin azurfa ce wannan?"

Prescott ya ce, "Ban sa da kai ba, Malam Zelnik. Da irinku aka yi cinikin."

Irving ya miƙe zai yi magana, Halina ta ɗaga masa hannu. Ta dubi Prescott ta ce, "Yarona, dube ni. Ka ce mini a idona na yi sata."

Bai dube ta ba. Ya dubi kwalayen da ke bayanta ya ce, "Takardar tana nan, Malama Sobotka. In kin sa hannu ba wanda zai ji komai daga bakina."

A waje Irving ya yi ta roƙonta kada ta sa. Ya ce a bari a je kotu, zai nemo lauya, ɗan ƙanensa ne, ba zai karɓi komai ba. Ya ce ba alƙalin da zai ɗaure ta ba tare da shaida ba. Wataƙila gaskiyarsa ne. Amma ta tambaye ni, ni da na san garin, me zai faru kafin a kai ga alƙali. Na gaya mata abin da na sani: 'yan sanda za su zo da mota su hau saman gareji su zazzage kayanta, jaridar gari za ta buga sunanta, matan cocinsu za su karanta. In an sallame ta, wannan ba za a buga shi a shafin farko ba. Kuma domin ta kare kanta, sai ta tsaya a gaban jama'a ta ce matar da ta rufe wa ido da hannunta maƙaryaciya ce, ba ta kuwa da abin nunawa sai wurin da babu komai.

Ta ce, "To, ka ji."

Ta sa hannu kafin wata ya ƙare. Ni da Irving muka ɗauki kayanta a motarsa, ba su cika bayan motar ba. Prescott ya cika alkawari, bai kai ƙara ba. Amma a gari irin namu, mace ba ta barin ɗakin da aka ba ta a wasiyya mutane su rasa abin faɗa. Kafin bazara kowa ya san dalilin, ko yana ganin ya sani. A coci aka karɓe mata aikin goge kayan bagadi, aka ce don ta huta.

Ta samu gado a wani gidan tsofaffi da mata 'yan zuhudu ke riƙe da shi a wani gari kusa da mu, su huɗu a ɗaki. Nakan hau bas in je in gan ta. Ba ta taɓa zagin marigayiyar a gabana ba, ba ta kuma taɓa sa mata albarka ba. Ta rame da sauri. Zuwana na ƙarshe na same ta a kujera kusa da na'urar ɗumama ɗaki, hannuwanta a cinya, sun yi fari sun yi laushi domin ba su da aiki.

Ta ce, "Malam Ovila, kai ma'aikaci ne. Zan tambaye ka abu, kada ka lallashe ni."

Na ce, "Tambayi."

"Aikin nan da na yi. Ya yi kyau?"

Na ce, "Ban taɓa ganin hannun da ya kai shi ba. Ko a masana'anta."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Ban taɓa tsallake Alhamis ba. Ko ranar da aka aiko mini uwata ta mutu."

Ta rasu a hunturun da ya biyo baya. Mu uku ne a wurin jana'izar ban da limamin coci: ni, da Irving, da wata 'yar zuhudu. Irving ya sa hularsa ya tsaya can baya, ya yi tasa addu'ar da harshensu na Yahudawa. A garin har yanzu akwai tsofaffin da in an ambaci gidan Thrall sai su ce, ai su ne waɗanda mai aikinsu ta kwashe musu azurfa.

Iyakar abin da na gani ke nan, da abin da aka faɗa a gabana. Ban riƙe alƙalami ba sai da furfura ta cika mini kai, saboda haka na san ba za a rasa kuskure ba, ko a shekara, ko a suna, ko a jeren magana. Duk wanda ya ga inda na karkace, ina roƙonsa ya gyara, ya kuma ɗora laifin a kaina, kada ya ɗora a kan Halina Sobotka.